Kurwar Manyeton Arzika

Mai ginin da atalyena, wato shagon gyarana, yake ciki a unguwar Maourey ta Yamai ya aiko cewa zai rushe ya ɗora bene, kowa ya kwashe komatsansa kafin damina. Ɗana Nasiru, wanda yanzu shi ke riƙe da gaban shagon yana gyaran salula, ko a jikinsa, don duk kayan aikinsa jaka ɗaya ce ta ratayawa. Ni ne mai tarkace. Nasiru ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa daga kasuwar Katako, suka zo da amalanke suka yashe kantocin baya, tsofaffin tele da rediyo da manyeto, ina zaune ina kallo. Sai da ɗayansu ya kai hannu kan wani manyeto mai ruwan toka da ke lulluɓe da tsohon zane, sannan na ce masa ya sauke hannunsa.

"Baba, shi ma ai mushe ne," in ji Nasiru.

"Ba nawa ba ne."

"Sauran da suka kwasa ma ai ba naka ba ne."

"Masu su sun yafe. Wannan mai shi bai yafe ba."

Ya yi dariya, abokan sana'arsa da ke zaune kan benci su ma suka taya shi. Ɗaya har da tambaya wai abin nan ta ina ake saka masa katin waya. To ku da kuka yi dariyar, da ire-irenku, ku nake yi wa wannan bayani. Kuna ganin gyaran da muka yi a zamaninmu buɗe akwati ne a hura ƙura a rufe. Ku kuwa me kuke yi? Allo ya fashe, ku ɓamɓare ku liƙa wani. Ban raina ba, abinci ne. Amma salula ba ta da abin da ke motsi a cikinta. Manyeto kuwa, wato akwatin da ake zura wa kaset ya nuna hoto a tele, duk cikinsa motsi ne. Yana da hannuwa da ke jawo zaren kaset, yana da kai mai juyawa da ke karanta hoton, yana da ƙafafu masu haƙora da ke tura juna. Ɗaya ya yi latti kaɗan, sai ya tauna wa mutum kaset ɗin bikin aurensa.

Daga Maraɗi kawuna ya kawo ni Yamai ya danƙa ni hannun Patoro Hamani, wato maigida Hamani, wani Bazabarme da ya yi suna a gyaran tele tun kafin manyeto ya shigo gari. Hausarsa ta kasuwa ce, namiji ya ce masa ke, mace ya ce mata kai, kuma ba wanda ya isa ya gyara masa. Na daɗe a wurinsa ban taɓa cikin na'ura ba. Shara, sayo shayi, riƙe madubi a gaban tele don ya ga hoton yana bayanta yana aiki. Abu na farko da ya yarda na yi shi ne jera ƙusoshi. In ya kwance ƙusa sai in sa ta a kwalin ƙwai, rami bayan rami, yadda in an zo mayarwa ta ƙarshe ce ta farko. Ranar da aka rufe na'ura aka ga ƙusa ta yi saura a kwali, kowa a shagon ya san ba zaman lafiya.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Turnabis na kwance ƙusa manya da ƙanana, ɗan awartaki, mitar auna wuta, kwalbar alkol na wanke na'ura, da ƙarfen narka dalma. Na wutar lantarki muke da shi, amma akwai wani na tagulla da muke turawa cikin gawayin mai shayi duk ranar da aka ɗauke kuran, kuma a Yamai ta lokacin bazara wannan na tagullar ya fi ɗan'uwansa shan aiki. Sai kunne. Hamani ba ya buɗe manyeto sai ya fara zura masa kaset ɗin gwaji ya kara kunnensa a jiki, ido rufe, kamar mai sauraron cikin mara lafiya. Daga ƙarar kaɗai zai gaya maka ko haƙori ne ya karye ko maiko ne ya bushe.

Wanke kai shi ne aikin da ya fi kawo mana mutane, shi ne kuma ya fi saurin jawo wa aparanti, wato yaro mai koyon aiki, duka. Kan manyeto wani gwangwani ne mai sheƙi, a gefensa akwai wasu ƴan ƙwayoyi da ba su kai ƙwayar gero ba, su ne idanunsa. In ƙura ta toshe su sai hoto ya koma tsaki-tsaki fari da baƙi, mu muna ce masa yayyafi. Za ka jiƙa farin ƙyalle mai santsi da alkol, ka dafa a hankali, ka juya gwangwanin da ɗan yatsa. Gefe da gefe kawai. Ka kuskura ka goga sama da ƙasa, idon ya ɓalle, shi ke nan. Ranar da Hamani ya ga na ɗauko auduga, ƙotar turnabis na ji a bayan hannuna.

"Ke Lawali, kar ki taɓa kai da auduga. Kai na manyeto ya fi kai naki tsada."

Har yau in na ga auduga kusa da na'ura sai bayan hannuna ya tuna.

Wata malamar lakwal, makarantar boko ke nan, ƴar Damagaram ta taɓa kawo nata a cikin taksi, ranta a ɓace, wai sabo ne fil mijinta ya sayo kuma ya ƙi karɓar kaset. Na buɗe na tarar da cokali, da murfin kwalba, da rabin ƙosai da ya bushe ya zama dutse. Autanta ne ya ga kullum ana ba akwatin nan abinci ta baki, shi ma ya ba shi nasa. Wani kuma mai gidan kallo a bayan Babbar Kasuwa, wanda manyetonsa ba ya hutawa daga fim ɗin Indiya sai na faɗa sai na Kano, jiƙaƙƙen tsumma yake shimfiɗa masa a ka don ya huce, har ruwa ya sami hanya. Tsaka kuwa da ta shiga neman ɗumi ta gasu a kan wayoyin wuta, ban san iyakar wadda na ciro ba. A lokacin in wata ya yi nisa shago ya yi shiru, in aka biya albashi sai ka ga ma'aikata suna sauka daga moto da manyeto a naɗe cikin darduma, kowa yana so a gama masa kafin Asabar. Na ji daɗin shekarun nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mutum ya shigo fuska a murtuke, ka juya wani ɗan abu, hoto ya tsaya cak, ka ga ya washe baki kamar yaro.

Akwai ƙa'ida guda da Hamani ya kafa mana, na kuma tafi da ita lokacin da ya sallame ni na buɗe nawa. Duk abin da ka cire a na'urar mutum, a tafin hannunsa za ka sa masa. Abin da za ka saka kuma ka nuna masa, ka gaya masa sabo ne ko cirowa ka yi daga wata. Ya yarda ka saka, bai yarda ba ka rufe masa kayansa. Masu gyara da yawa ba sa yi, kuma sun fi mu gina gidaje da wuri.

Abin da ya fi mutuwa a manyeto a garin nan wata ƴar roba ce mai kama da zobe, wadda ke ɗauko juyi daga injin ta kai wa ƙafafun da ke jan kaset. Zafin Yamai ba ya barin ta. Ta saki, ko ta tsinke, ko ta narke ta zama baƙin danƙo kamar kwalta. Sunanta da Faransanci, in ya biyo ta bakinmu, kurwa yake fita. Hamani da yake Bazabarme ne bai taɓa jin komai a sunan ba. Ni ranar farko da na ji ya ce wa wani alhaji kurwarsa ta saki sai da na fita waje na yi dariya. Daga baya bakina ya saba, na manta ma kalmar tana da wata ma'ana.

Muguwar shekararmu ba irin wadda kuke zato ba ce. Ba aiki ne ya ɗauke ba, kawowa aka yi ta yi. Shekarar da na'urar faifai ta cika Babbar Kasuwa ke nan, ƴar siririya, mai araha, ga faifan fim a kowace kwana. Mutum zai kawo manyetonsa ya ce a duba, ka duba, ka gyara, ka sa kayanka a ciki. A hanyarsa ta komawa gida sai ya bi ta kasuwa ya ga sabon abu. Ba zai sake waiwayarka ba. In kun haɗu a masallaci ya ce yana nan tafe, in ka matsa ya ce, "Lawali, riƙe shi kawai, na bar maka." Me zan yi da shi? Kantoci suka cika har rufi. Aparantina biyu suka tafi, ɗaya ya koma tuƙin kabu-kabu. Masu kawo mana kayan gyara daga Kano da Kwatano suka daina ɗaukowa, don ba mai tambaya. Hamani a shekarar ya rufe nasa ya koma garinsu a bakin kogi, ya ce shi ba zai tsufa yana gyara abin da ake zubarwa in ya lalace ba.

Cikin wannan shekarar ne Arzika ya shigo mini da safe, da manyeton nan mai ruwan toka a kafaɗa kamar ya ɗauko ɗan akuya. Mutumin Tawa ne, mai gadin rumfunan ƴan atamfa a Babbar Kasuwa, ya girme ni da ƴan shekaru. Gajere ne mai faɗi, wuyansa da kansa kusan ɗaya, ƴan kasuwa suna ce masa Turmi. Kowa ya san ya ce ya yi kokowa a ƙuruciyarsa har ya shiga filin takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, amma yaran kasuwa ba su yarda ba, tsokanarsa suke yi. Wani babban ma'aikaci da ya taɓa yi wa gadin gida shi ne ya ɗauki karawar da ya yi daga tele da wannan manyeton tun a wancan zamani. Da aka yi masa canjin wurin aiki sai ya bar wa Arzika na'urar da kaset ɗin duka. Yanzu ga shi kaset ya maƙale a ciki, ba gaba ba baya.

Na kwance murfi, na leƙa, na ga baƙin danƙo ya naɗe ƙafar injin.

"Yaya Arzika, da sauƙi. Kurwarsa ce ta narke."

Ya ja da baya har ya bugi benci. "Mi kac ce?"

"Kurwa. Ta narke."

"La'ilaha illallahu. Wa yac ci ta?"

Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a fili, cikin layu da guraye da tsoron abin da abokin karawa ya binne a ƙasa, ka ce masa kurwar abin da hotonsa ke ciki ta narke. Na kankaro danƙon da bakin turnabis na sa masa a tafin hannu, na ce roba ce, sunan Faransanci ne, zafi ne ya cinye ta ba maye ba. Ya duba, ya shinshina, sannan ya fashe da dariya har da dukan cinya. Na ce sabuwa ta yanke a kasuwa, amma ga manyeto nan birjik da masu su suka bar mini, yanzu zan ciro ta wani in saka masa, kafin ya sha shayi an gama.

Dariyar ta tsaya.

"Ta wani?"

"Lafiyarta lau, Yaya. Roba ce fa."

"Na jiya roba ce. Amma sunan ya riga ya hito bakinka, ƙanena. Ni ban taɓa shiga hili da ƙarhin wani ba. Ba ka sa min kurwar wani."

Na ce to bari in ciro kaset ɗin da hannu in sa masa a wani manyeton ya kalla. Nan ma ya ƙi. Ya ce kaset ɗin nan bai taɓa kwana cikin na'urar kowa ba, kuma ya sha ganin yadda na mutane ke tauna zare. A nan kam yana da gaskiyarsa, don kaset ya fi zama daidai a cikin na'urar da ta ɗauke shi, duk mai gyara ya san haka. Muka rabu a kan zai bar shi wurina har sabuwa ta zo. Ya naɗe danƙon a ƴar takarda ya sa a aljihu ya tafi.

Na san abin da kuke cewa a ranku. Ka saka tsohuwar mana, ka ce masa sabuwa ce, wa zai sani? Nasiru ma haka ya ce. Ba wanda zai sani. Sai dai ni ban iya ba, ba a koya mini haka ba.

Na yi sallahu wurin direbobin Kano, na yi wurin masu zuwa Kwatano. Wani ya kawo mini ta rediyo, wani ya kawo wadda ta yi girma, yawanci ma mantawa suke yi. Arzika kuwa in ya tashi daga gadi da safe sai ya biyo ta ƙofar shago, ko tsayawa ba ya yi sosai.

"Mai gyara, kurwa ta zo?"

"Tana hanya, Yaya."

"Allah shi kawo ta lahiya."

Tun muna yi da gaske har ta zama gaisuwa. Maƙwabta suka ɗauka, mai shayi ma in ya gan ni sai ya tambaye ni labarin kurwa. Ni kuma na koma gyaran na'urar faifai, daga nan akwatin tauraron ɗan'adam, daga nan duk abin da aka kawo, har fanka da tukunyar lantarki. Amma duk shekara in damina ta wuce nakan sauko da manyeton Arzika, in juya ƙafafun da hannu in fito da kaset, in murza zaren da ɗan yatsa daga farko zuwa ƙarshe don kar ya manne, in jona na'urar a wuta ta ɗan yi ɗumi, in mayar da komai. Ban taɓa kallon abin da ke ciki ba. A hankali zuwan Arzika ya ja baya, har wata rana na lura na daɗe ban ji gaisuwar ba.

To ga shi yanzu za a rushe gini. Gidana ɗaki biyu ne, uwar Nasiru ta riga ta rantse ba za a mayar mata da tsakar gida Katako ba. Nasiru ya ce a ciro kaset a nemi masu juyewa a salula, a ba ƴan ƙarfe gawar. Ya zaga da kansa wurin masu ɗaukar hoton biki, duk suka ce sun zubar da nasu tuntuni. Ni kuma na shiga Babbar Kasuwa layin ƴan atamfa ina cigiya. Yaran ba su san wani Arzika ba. Sai wani dattijo da na ce masa Turmi ya ce ai yana raye, ƙafafu ne suka ƙi, yana unguwar Bobiel wurin ƴarsa Hadiza.

A hanyar dawowa na tsaya wurin mai kayan moto na sayi robar cikin taya sabuwa dal, a kwalinta. Tun zamanin Hamani mun san ana yanka kurwa daga irin wannan roba, amma shi ya hana, ya ce aikin masu facin keke ne, ba ta daɗewa, kuma in kaurinta bai daidaita ba sai hoto ya yi ta rawa. Shi ya sa duk shekarun nan ban ko kawo ta a raina ba. Amma yanzu ba daɗewa nake nema ba. Kuma wannan robar ba ta taɓa hawa ƙafar kowa ba, ba wanda zai ce kurwar wani ce.

Na shimfiɗa ta a kan gilashi, na ɗauko sabuwar reza. Zobe ake yankowa a kwance, siriri, faɗinsa ɗaya ko'ina. Idona ba na da ba ne. Na farko ya fito kamar igiyar ɗaure akuya. Na ɓata da yawa kafin in sami wanda na yarda da shi, na kankare ɗan tudun da ke jikin robar, na shafe shi da hoda, na wanke tsohon danƙon da alkol, na ɗora. Na fito da kaset ɗin Arzika na ajiye gefe, na wanke kai. Na zura kaset ɗina na gwaji, na rufe ido na kara kunne. Ya ja, ya naɗa, ya kama juyi, da ƴar shessheƙa kaɗan kamar tsoho yana hawan tudu. Nasiru da ke tsaye a bayana ya daina latsa salularsa.

"Zai kai, Baba?"

"Zai kai sau ɗaya ko sau biyu. Bayan haka ban ɗaukar masa alkawari ba. In ta saki a tsakiya, zaren zai iya tafiya da ita."

Ranar Lahadi da hantsi muka ɗauki taksi zuwa Bobiel, ni da manyeto a cinya, Nasiru da wata ƙaramar tsohuwar tele da na hana ƴan ƙarfe. Hadiza ta yi mana iso. Arzika yana kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, ya jingina da bango, faɗin nan duk ya zube, wuyan kaɗai ya rage. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya dubi abin da ke hannuna.

"Mai gyara."

"Yaya Arzika. Ta zo."

"Ta wa ce?"

Na fito da ragowar robar da kwalinta na sa masa a hannu, na gaya masa yadda aka yi. Na gaya masa kuma ba za ta daɗe ba, kuma akwai hatsari ga kaset ɗin. Ya juya kwalin, ya ja robar ya sake ta.

"Kunna. In ya ci, ya ci gabana."

Hadiza ta jawo waya daga ɗaki, ta kira ƴaƴanta da na maƙwabta suka zube a gaban tele. Ta ce mini a hankali yaran ma ba su yarda kakansu ya taɓa kokowa ba, ɗauka suke tatsuniya ce. Nasiru ya durƙusa ya saita salularsa a kan allon don ya ɗauka. Na zura kaset ɗinsa, na yi bisimilla na danna.

Yayyafi ya fara zuwa, sannan hoto ya tsaya. Fili cike da mutane, makaɗa suna zuba kiɗa, launin duk ya koɗe ya koma ja-ja. Sai ga wani saurayi ya fito tsakiya, ƙirji kamar ƙofa, layu har gwiwar hannu, yana taka rawa yana watsa ƙasa sama. Mai magana a tele ya kira sunansa da na garinsu. Yaran suka juya suka dubi tsohon da ke kan tabarma, suka sake duban allo, wata ƙarama ta ce, "Kaka, kai ne?" Leɓensa kawai ke motsi yana bin kiɗan. Ni kunnena yana kan na'ura, ina jin robar tana aikinta.

Abokin karawarsa dogo ne, ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Suka zaga juna, suka shafi ƙasa, suka sarƙe. Arzika ya shige ƙarƙashinsa ya ɗaga shi har ƙafa ɗaya ta bar ƙasa, filin ya ɗauki ihu, yaran da ke gabanmu su ma suka miƙe suna ihu. Dogon ya sauka, ya saƙalo ƙafarsa ta bayan ta Arzika. Daidai nan hoton ya yage. Layuka suka hau juna, yayyafi ya rufe allon gaba ɗaya, sai ƙarar mutane kawai kamar daga cikin rijiya.

Na zaci kurwar ce ta saki. Na kara kunne, na ji komai yana tafiya daidai. Ba na'urar ba ce, zaren ne. Duk inda mai kaset ya fi tsayawa ya mayar baya ya sake kallo, nan kai yake gogewa har hoton ya ƙare. Da yayyafin ya wuce, sai ga dogon nan a kafaɗun mutane ana zagaye fili da shi. Arzika ba ya cikin hoton.

Duk shekarun nan na ɗauka kaset ɗin nasara nake ajiye wa mutum. Hadiza ta sunkuyo ta ce mini tun tana yarinya haka yake yi, ya kai wurin ya mayar, ya kai ya mayar, yana neman yadda aka yi aka ɗauke masa ƙafa.

Akwai wani ɗan maɓalli da ake murzawa a daidaita kai da zare, wani lokaci yakan tono hoto daga cikin yayyafi ko da dishi-dishi ne. Na ce bari in mayar baya in gwada, wataƙila a samu. Na kai hannu da turnabis ke nan na ji Arzika ya damƙe mini wuyan hannu. Ƙafafu sun tafi, amma damƙar tana nan, sai da na ji ta har kafaɗa.

"Bar shi haka nan, ƙanena. Kayana ne, kuma gida ya zo."

Ya sake ni, ya gyara zama, ya bi jikokinsa da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya dubi Nasiru da salularsa, sannan ya dawo kaina.

"To, cikinku wa yag ga na hwaɗi?"

Yaran suka dubi juna. Na mayar da turnabis ɗina aljihu.

"Ni dai ban gani ba, Yaya," na ce.